Alƙalamin Malamin Zaɓe: Daga Teburin Rumfa Zuwa Kotun Ƙoli

Wannan jawabi an gabatar da shi ne a filinmu na harkokin jama'a, daga Adum cikin birnin Kumasi. Mun buga shi yadda aka faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

Daga Adum nake magana, cibiyar kasuwancin Kumasi, inda mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Yalwa suke wuni wajen neman abinci, su koma gida da magariba.

Yau 'yan takara su ɗan huta, sun ishi kansu magana. Hirarmu a kan mutum biyar ɗin nan ce da kake tararwa zaune bayan tebur ranar zaɓe, waɗanda ake kira malaman zaɓe. Kana miƙa musu kati, su duba, su ba ka takarda, ka dangwala, ka tafi. Da yawanmu ko fuskarsu ba ma tunawa. Amma abin da nake so in nuna muku shi ne, duk wani sakamako da za ka ji shugaban hukumar zaɓe ya karanta a Akra, asalinsa rubutun hannun waɗannan mutane ne. In sun rubuta daidai, ƙasa ta kwana lafiya. In sun yi sakaci, sai an je gaban alƙalai.

Su wane ne, kuma nawa ne?

A zaɓen 2012 Ghana tana da rumfunan zaɓe 26,002. Zuwa zaɓen 7 ga Disamba 2024 sun haura 40,000, masu rajista kuma sun haura miliyan 18, a mazaɓu 276, waɗanda 47 daga cikinsu suna nan jihar Ashanti. To ka ɗauki mutum biyar a kowace rumfa ka yi lissafi: mutum sama da 200,000 ke nan. Babu hukumar da take da ma'aikatan dindindin masu wannan yawa. Saboda haka ake ɗaukar na wucin gadi: malaman makaranta, ma'aikatan ofis, matasan da suka gama karatu. Ana tallata aikin, a tantance, a ba da horo na 'yan kwanaki, mutum ya yi rantsuwa cewa zai bi doka. Wanda ya saɓa da gangan, doka ta tanadi tara ko ɗauri. Kuma da yake ranar zaɓe ba za su sami damar zuwa rumfarsu ba, ana ba su rana ta musamman su yi nasu zaɓen tare da jami'an tsaro da 'yan jarida. A 2024, a nan Ashanti, ranar 2 ga Disamba aka yi.

Aikin a rabe yake. Akwai shugaban rumfa, shi ke da alhakin komai, shi ke cika takardar sakamako. Akwai mai duba jerin sunaye, wanda zai gaya maka ko a nan sunanka yake. Akwai mai riƙe da na'urar tantancewa. Sai masu ba da takardar ƙuri'a biyu, ɗaya ta shugaban ƙasa, ɗaya ta ɗan majalisa. Jami'in tsaro yana gefe, wakilan jam'iyyu suna zaune suna kallo, 'yan sa-ido suna zagayawa. Amma mai iko da rumfa shi ne shugaban rumfa, ko da kuwa matashiya ce 'yar shekara 25, ko da kuwa wanda ke tsaye a gabanta minista ne.

Kafin ƙarfe bakwai

A Ghana ana buɗe rumfa ƙarfe 7 na safe, a rufe ƙarfe 5 na yamma. Malamin zaɓe kuwa tun kafin asuba ya bar gida, cikin sanyin hunturu, ya je karɓar kaya. A nan ne aiki yake farawa, kuma a nan ne mai gaggawa yake haƙa wa kansa rami. Kada ka karɓi kaya a ƙudundune ka ce ai an ƙirga. Ƙirga littattafan ƙuri'a da hannunka. Kowace takarda tana da lamba. Rubuta lambar farko da ta ƙarshe tun kafin mutum na farko ya dangwala, wakilan jam'iyyu suna gani. Duba hatimi, duba tawada, duba batirin na'ura, duba fitila, domin duhu zai same ka kana ƙirga.

Sannan a ɗaga akwati a kifa shi a gaban jama'a, kowa ya ga babu komai a ciki, a rufe, a ɗaure da hatiman hukuma, wakilin da yake so ya ƙara na jam'iyyarsa. Tun zaɓen 1996 Ghana take amfani da akwatin da ake ganin cikinsa, bayan ƙorafin da ya biyo bayan zaɓen 1992, wanda ya sa 'yan hamayya suka ƙaurace wa zaɓen majalisa. Duk da haka har yau ana kifa shi. Me ya sa? Saboda amana a rumfar zaɓe sai an nuna ta ido da ido. Abin da ka yi a ɓoye, ko daidai ne, zargi zai zama.

Na'ura, yatsa da sunan Bazange

A 2012 aka fara tantance masu zaɓe da hoton yatsa. A wancan karo doka ta ce wanda na'ura ba ta tantance ba, ba shi ba zaɓe. Ranar Juma'a ce, kuma na'urori sun ƙi aiki a wurare da dama, har sai da aka ci gaba da zaɓe ranar Asabar 8 ga wata a ɗaruruwan rumfuna. Daga baya aka gyara tsarin. A 2016 aka kawo fom na tantancewa da hannu ga wanda sunansa ke cikin rajista amma na'ura ta ƙi karɓar yatsansa. A 2020 aka ƙara da tantance fuska.

Wannan ya shafe mu sosai. Ka dubi hannun tsohuwar da ta yi shekara 40 tana wanke tukunyar wace, ko na makaniki, ko na mahauci, ko na 'yar kayan da ke dako tsakanin Adum da Kejetia. Zanen yatsa ya goge, ga hunturu ya busar da fata. Mai riƙe da na'ura, in ta ƙi, kada ka ɗaga murya ka ce "Hajiya matsa gefe". Goge yatsan, gwada wani, gwada fuska, in duk ya ƙi ka kira shugaban rumfa a bi hanyar fom. Tsohuwar nan in ta ji kunya a gaban layi, gida za ta tafi, kuma ba za ta dawo ba. Ka rage wa ƙasa ƙuri'a ɗaya ba tare da ka saci komai ba.

Akwai kuma rikicin da ya zama ruwan dare a nan. Ɗan kasuwa yana kwana a Aboabo, cikin mazaɓar Asawase, shagonsa yana Adum, cikin mazaɓar Subin. Lokacin rajista ya yi a kusa da shago don ya fi masa sauƙi, ranar zaɓe kuma sai ya bi maƙwabta zuwa rumfar unguwa. Ya yi awa biyu a layi, a ce masa babu sunansa. Nan take zai ce an cire shi ne don shi ɗan Zongo ne. Mai duba sunaye da ya san aikinsa zai karɓi katin, ya duba lambar rumfar da ke jiki, ya ce "Baba, sunanka yana nan lafiya, a Adum ka yi rajista, can za ka je, ga sauran lokaci." Magana ɗaya cikin harshen da mutum yake ji ta kashe wutar da 'yan sanda goma ba za su kashe ba. Shi ya sa rumfa a Zongo take bukatar wanda yake jin Hausa da Tuwi, in an samu da Dagbani ko Mosanci ma, ƙari ne.

Kuma wannan zargi ba daga sama ya faɗo ba. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, zamanin Busia, lokacin da aka kwashe mutane da yawa daga zangunan ƙasar nan. Har yau lokacin rajista ana samun wanda za a ƙalubalanta saboda sunansa ko kamanninsa. To, malamin zaɓe, ka riƙe wannan da kyau: maganar wane ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba, lokacinta shi ne lokacin rajista da lokacin baje rajista. Ranar zaɓe, wanda sunansa ke cikin littafi kuma aka tantance shi, zai yi zaɓe. Kai ba jami'in shige da fice ba ne. Haka nan wanda babu sunansa, ko ɗan ɗakinku ne, ko limamin unguwarku ne, ba zai yi ba. Su ma 'yan uwanmu baƙi da ke zaune a cikinmu daga Nijar ko Najeriya ko Burkina, shawarata ita ce ranar nan ku zauna a gida ko a shago. Zaɓen na 'yan ƙasa ne, kuma kuskuren mutum ɗaya unguwa duka ake shafa wa.

Ƙuri'ar da aka zubar

Yanzu ga wani lissafi da nake so kowane mai ba da takardar ƙuri'a ya haddace. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 2008, ƙuri'un da aka ƙi karɓa don sun lalace sun haura 205,000. A zagaye na biyu, bayan an kammala da mazaɓar Tain a farkon Janairun 2009, John Atta Mills ya ci Nana Akufo-Addo da ratar da ba ta kai 41,000 ba. Wato lalatattun ƙuri'u na zagayen farko sun ninka ratar da ta ba da shugaban ƙasa kusan sau biyar. A 2020 kuma lalatattun sun haura 300,000.

Wani ɓangare na wannan daga masu zaɓe ne, amma wani ɓangare daga tebur yake. Takardar da ba a buga mata hatimi a baya ba, ba a ƙirga ta, kuma buga hatimin nan aikin mai ba da takarda ne. Mutum ya tsaya cikin rana, ya dangwala daidai, amma mantuwarka ta kashe masa ƙuri'a. Yaga takarda daga littafi ma sai da natsuwa, a bi layin da aka huda. A 2020 hukumar zaɓe da kanta ta sanar da cire wasu ma'aikata a mazaɓun Awutu Senya ta Yamma da Bawku ta Tsakiya, saboda an ba mutane takardun da aka yage aka bar hoton ɗan takarar farko a jikin littafi. Sannan ka nuna wa mutum yadda ake naɗewa, a tsaye tukuna, don kada ɗanyar tawada ta shafi gidan wani ɗan takara. Nunawa kawai za ka yi. Kada yatsanka ya tsaya a kan hoton kowa, ko da wasa.

Wanda ya ɓata takardarsa kafin ya jefa, yana da haƙƙin ya mayar a ba shi wata, ita kuma ɓatacciyar a ajiye ta daban a rubuta. Makaho akwai marfi mai alamomi da aka tanadar masa. Wanda ba zai iya dangwalawa da kansa ba, shi zai zaɓi mai taimaka masa, ba wakilin jam'iyya ne zai zaɓar masa ba. Tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da naƙasassu a shigar da su gaba. In lokacin salla ya yi ko na cin abinci, a yi karɓa-karɓa da izinin shugaban rumfa. Tebur ba ya zama babu kowa, akwati ba ya barin idon jama'a.

Ƙarfe biyar

Da ƙarfe 5 ta buga, jami'in tsaro zai tsaya a bayan mutum na ƙarshe a layi. Duk wanda ke gabansa zai yi zaɓe, ko dare zai yi. Wanda ya zo bayansa, sai haƙuri.

Daga nan sai babban aikin. Sashe na 49 na tsarin mulkin 1992 ya ce a ƙirga ƙuri'u nan take a rumfa, a gaban 'yan takara ko wakilansu, shugaban rumfa da wakilai su sa hannu a kan takardar da ta nuna abin da kowa ya samu, sannan shugaban rumfa ya sanar da sakamakon a wurin kafin ya kai wa baturen zaɓe. Ku lura, wannan ba umarnin ofis ba ne da za a canza gobe. A cikin tsarin mulki yake.

Kafin a buɗe akwati ana yin lissafin takardu. Bari in ba da misali. An ba ka takarda 500. Mutum 380 sun yi zaɓe, 2 sun ɓaci an mayar, saura 118 ba a taɓa ba. Ka haɗa, 500 cif. To akwati bai kamata ya fitar da fiye da 380 ba. In ya fitar da 383, an shiga maganar aringizo, kuma ana iya soke sakamakon rumfar gaba ɗaya. Sau da yawa ba sata ba ce ke jawo wannan. Gajiya ce. Mutum ya tashi tun ƙarfe 3 na dare, bai ci abin kirki ba, jama'a sun kewaye shi suna ihu, sai ya rubuta lamba a gidan da ba nata ba. Maganinsa shi ne a cika sashen safe da safe, a yi lissafi a wata takarda tukuna, a karanta da ƙarfi kowa ya ji, sannan a kwafa. In wakili ya nemi a sake ƙirga, a sake. In ya nemi na biyu, a rubuta a kai wa baturen zaɓe a cibiyar tattara sakamako. In wakili ya ƙi sa hannu, a rubuta dalilinsa. Kowane wakili a ba shi kwafinsa, a manna ɗaya a bango.

Takarda mai ruwan hoda

Duk wanda yake Ghana a 2013 ya san takardar nan da ake kira da sunan launinta. Bayan zaɓen 2012, Nana Akufo-Addo da Mahamudu Bawumia da Jake Obetsebi-Lamptey sun kai ƙara Kotun Ƙoli suna ƙalubalantar nasarar John Mahama. Wata takwas ana shari'a, ana watsawa kai tsaye a rediyo da talabijin. A nan Adum kusan kowane shago da rediyonsa a kunne. Shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Kwadwo Afari-Gyan, ya yi kwanaki a akwatin shaida. Kuma me ake ta dubawa? Rubutun malaman zaɓe: wannan rumfa shugabanta bai sa hannu ba, waccan lambobinta ba su haɗu ba, waccan an bar gida babu komai. Ranar 29 ga Agusta 2013 alƙalai tara ƙarƙashin William Atuguba suka kori ƙarar, amma a kan batun rashin sa hannu da na aringizo kansu ya rabu, da rinjaye aka yanke. Ku yi tunani: sa hannun da bai ɗauki daƙiƙa biyar ba, shi ya raba kan alƙalan Kotun Ƙoli.

Ga na kwanan nan. Bayan zaɓen 2024, mazaɓar Ablekuma ta Arewa a Akra ta yi wata bakwai babu wakili a majalisa, saboda hargitsi a wurin tattara sakamako da taƙaddama a kan takardun wasu rumfuna. Sai 11 ga Yuli 2025 aka sake zaɓe a rumfa 19, kuma ratar da ta raba gardama ba ta kai ƙuri'a 300 ba. Ƙasa da mutanen rumfa guda ke nan.

Nauyin unguwa

Abin da ya fi na'ura da lissafi wuya shi ne ido. Mu a Zongo kowa ya san kowa. Wakilin jam'iyyar nan abokinka ne na makarantar allo, na waccan kuma surukinka ne. Wani zai kawo maka koko da ƙosai da safe, wani ya kawo lemo da rana, wani ya ce "ƙanena, ga kuɗin mota". Kada ka karɓa. Tafi da abincinka da ruwanka daga gida. Ba don kowa mugu ne ba, sai don ɗayan ɓangaren yana kallo, kuma in sakamako bai yi masa daɗi ba, ƙosan nan zai tuna. Kada ka sa tufa mai launin wata jam'iyya. Abin da kake rubutawa a Facebook da WhatsApp ma ka kiyaye tun kafin a ɗauke ka, domin shi za a fara tonowa. In ka san zuciyarka ba za ta iya karanta sakamakon da ya kayar da gwaninka da murya ɗaya ba, ka nemi aikin wakilin jam'iyya. Shi ma halal ne, amma kujerarsa daban.

Kuma aikin yana da haɗari, kada mu ɓoye. Masu sauraronmu na Najeriya sun tuna matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a jihar Bauchi a rikicin bayan zaɓen 2011. Na Nijar sun tuna 21 ga Fabrairu 2021, ranar zagaye na biyu, da motar ma'aikatan hukumar zaɓe ta taka nakiya a jihar Tillaberi, mutum bakwai suka rasu. A nan Ghana ma an rasa rayuka a zaɓen 2020, har da Techiman ta Kudu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Saboda haka kiran da zan yi ga sarakunanmu da limamanmu da shugabannin matasa shi ne: yaron da ke bayan tebur ɗanku ne, yarinyar da ke riƙe da na'ura 'yarku ce, ko daga wace ƙabila suka fito. Wanda ya ɗaga musu hannu, unguwa ya ci wa mutunci. A faɗi haka a huɗubar Juma'ar da ta gabaci zaɓe, a faɗa a majalisar shayi.

Ku kuma matasanmu da kuka yi karatu, maza da mata, in hukuma ta tallata aikin nan ku nema. Kuɗin ba mai yawa ba ne, ba zan ruɗe ku ba. Amma mun daɗe muna kukan cewa ana yanke hukunci a kanmu ba ma wurin. Ga kujera an ajiye a tsakiyar unguwarmu. Zaɓen ƙananan hukumomi ma da malaman zaɓe ake yinsa, kuma can ne ya fi sauƙin koyon aiki. Iyaye, ku bar 'ya'yanku mata su shiga. Akwai matan da suka fi sakin jiki in mace ce za ta riƙe musu yatsa ko ta duba fuskarsu.

Mu kuma masu zaɓe, mu taimaka musu. Ka duba lambar rumfarka tun kafin ranar. Ka je da wuri. In ka gama ka koma gida, ƙarfe 5 ka dawo ka tsaya daga nesa ka kalli ƙirga, haƙƙinka ne. In an karanta sakamako, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba, ka ce wa mutum biyar ɗin nan sannu da aiki.

A nan zan dakata. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Na bar ku lafiya daga Kumasi, wassalamu alaikum.